Guzirin da ba mu ba yaranmu masu tafiya Legas

Da an gama girbin dawa, ƙauyukan Katsina sai su koma na tsofaffi da mata da ƙananan yara, samari sun tafi ci-rani. A da mutum kan jira kaka ta wuce kafin ya ɗaura jaka. Yanzu kuwa a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, inda 'yan bindiga suka hana noma shekara da shekaru, tafiyar ba ta da lokaci. Wasu kan tsaya Kano ko Abuja, amma da yawa ba sa tsayawa sai sun ga teku. Sai ka ga yaron da gemu bai fito masa ba a saman tirelar shanu daga Mai'aduwa ko Charanci, zai yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa garin da bai taɓa gani ba sai a waya.

Guzirinsa lambar wani yayansa da ke Agege, da 'yar ƙaramar waya, da nasihar gida. Uba ya ce masa: "Ka riƙe salla, ban da shaye-shaye, kada ka taɓa kayan mutane." Uwa ta ce: "Allah ya tsare min kai, ka kira in ka sauka." Nasiha ce mai kyau, ba ni da ta cewa a kanta. Sai dai babu wanda ya gaya masa cewa ɗakin da zai kama da rani zai iya cika da ruwa har gwiwa a watan Yuni, ko cewa babur ɗin da aka sayar da akuyoyin gida aka saya masa haramun ne a hau shi a tsakiyar birnin. Ni a ganina mafi yawan asarar da yaranmu ke tafkawa a garuruwan gaɓar teku daga irin waɗannan ƙananan abubuwa take fitowa, kuma laifin namu ne mu na gida da manyanmu da suka daɗe a can, domin ilimin yana nan, ba mu dai mai da shi abin koyarwa ba.

A fara da ruwa, don shi ne abin da Bakatsine ya fi jahilta. Mu nan ruwa abin nema ne. Damina wata huɗu ce, in an yi ruwan sama da dare kafin azahar ƙasa ta shanye. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya ninka na Katsina fiye da sau biyu, kuma daminarsu kashi biyu ce: mai ƙarfi wajen Yuni da Yuli, a ɗan sarara a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Garin a kwance yake, wasu unguwannin ma fadama ce aka cike da yashi aka yi gini. Kwatocin garin cikin tafkin da ya haɗe da teku suke zuba, shi kuwa teku yana cika yana janyewa kullum. Idan ruwan sama ya dace da lokacin cikar teku, kwata ba ta da inda za ta kai nata, sai ta dawo da shi cikin unguwa. Shi ya sa za a yi ruwan awa uku a Lekki ko Ajegunle a wayi gari motoci sun nutse.

Wanda ya san haka ba ya kama ɗaki sai ya dubi bango. Ruwa kan bar zane a jikin gini, kuma mai gida kan shafe shi da fenti, to sai a dubi katangar maƙwabta, a kuma tambayi mai shagon bakin layi, shi ba ruwansa da kamashon dillali. Ba ya shiga ruwan da ya kwanta kusa da turken wuta ko wayar da ta tsinke. Ba ya ajiye buhun wake ko barkono ko albasa a ƙasa, don laimar garin kaɗai ta isa ta sa su fumfuna, abin da a Daura za ka jibge a zaure har wata shida ba abin da zai same shi. Iskar bakin teku da gishiri take tafe, tana cin ƙarfe, don haka babur da kwanon rufi da janareta ba sa kai shekarun da muka saba. Rijiyar wasu unguwannin ruwanta zartsi ne, ta wasu kuma ba ta da zurfi, masai na kusa yana tsiyaya cikinta. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, ta fi tsanani a tsibirin Legas da kewaye. Yaron da ke kwana a rumfar kasuwa, yana sayen ruwan jarka bai san daga inda aka ɗebo ba, shi ne a sahun gaba, kuma sau da yawa mai tura kurar ruwan ma ɗan garinsu ne.

Sai shi tekun kansa. Ranar sallah samari kan yi ado su tafi bakin teku ɗaukar hoto, wanda ya iya iyo a kududdufin bayan gari ya ga ai ruwa ruwa ne. Igiyar teku in ta bugo tana komawa, komawar ce ke janye ƙafar mutum, kuma akwai wuraren da ruwan ke kwarara ciki da ƙarfin da gwani ma ba ya iya yi masa gardama. Haka shiga kwale-kwale zuwa Ikorodu ko Badagry ko unguwannin tsallaken Apapa ba rigar kariya, ko da dare. Waɗannan maganganu ne na minti biyar, amma ban taɓa jin an yi su a tasha ba.

Maganar acaba kuwa ta fi ba ni haushi, don ita ba ɓoyayya ba ce. Tun 2012, zamanin Gwamna Fashola, dokar hanya ta Legas ta hana babur bin manyan tituna 475. A farkon Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba da Keke a ƙananan hukumomi shida: Apapa, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. A Yunin 2022 aka sabunta hanin acaba da tsanani, a Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi a bainar jama'a, kuma fasinjan ma mai laifi ne a idon doka. Duk da haka har gobe ana karɓar adashi a ƙauye a sayi sabon babur a ɗora a mota a ce Legas. Wanda ya kira yaron ya ce masa ya taho akwai samu, ya sani sarai. Ya dai yi shiru ne saboda shi ma da sa'a yake aikin, yana ba da na goro a kowace kwana. Masu tura baro suna kwashe shara ma tun 2018 aka hana su, aikin na hukumar kwashe shara ta jihar ne, wato LAWMA, da kamfanonin da ta ba kwangila. Mutum na iya cewa dokokin nan sun yi wa talaka tsauri, ni ma na faɗa. Amma a gaya wa yaro kafin ya zuba jarinsa, in ya so ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Akwai kuma dokokin da ke kare shi, su ma bai san su ba. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara guda a hannun sabon ɗan haya, ban da wasu unguwannin masu hali irin su Ikoyi, kuma ta wajabta masa ba da rasit. Mu kuwa mun saba da ciniki na amana, a yi musabaha a ce Allah ya sa albarka. A can ka biya ba takarda, gobe wani ya zo ya ce shi ne ɗan mai gidan na gaskiya. Fili kuwa kada ma a fara, ana iya sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, kowa ya biya 'ya'yan masu ƙasa nasu daban.

Amma duk wannan sama-sama ne. Tushen matsalar wata ɗabi'a ce da muke ɗauka tawali'u ce: baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutum ya shekara ashirin a Idi-Araba, ya yi aure a can, 'ya'yansa sun fi jin Yarabanci da Hausa, amma ka yi masa maganar taron unguwa sai ya ce: "Alhaji, mu ai baƙi ne, nema muka zo." Kusan kowace unguwa a Legas tana da ƙungiyar raya unguwa, wadda suke kira CDA, kuma gwamnati ta san da zamanta. A nan ake yanke kuɗin gadi, da lokacin rufe ƙofar layi, da gyaran taransifoma, da yashe kwata, a nan kuma ake rubuta wa ƙaramar hukuma koke. Idan an zauna ana maganar "waɗannan mutanen da ke kwana a kangon gini", babu ko ɗaya daga cikinsu a wurin da zai ce ga sunana, ga sana'ata, ga wanda ya tsaya mini. Hukuncin da aka yanke ba ka nan, da wuya ya yi maka daɗi.

Abin mamaki, zamanmu a can ba na jiya ba ne. Tun 1863 Gwamnan Turawa Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, wato Legas, kuma tarihin unguwar Obalende a haɗe yake da sojojin nan. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano wajen 1912, fataken goro da na shanu suka kafa zango a Agege, har yau kuwa mayankar Oko-Oba da shanun Arewa take rayuwa, kamar yadda kasuwar Mile 12 ke rayuwa da tumatir da tattasai da albasarmu. Mutanen da kakanninsu suka yi shekara fiye da 100 a wuri, kuma abincin garin ta hannunsu yake bi, bai kamata su riƙa raɓe-raɓe kamar waɗanda suka sauka daga mota ɗazu ba.

Kuma a Daura nake wannan rubutu, garin da labarin kafuwar sarautarsa labarin baƙo ne. Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya. Bai ce shi matafiyi ne, matsalar rijiya ta 'yan gari ce ba. Ya karɓi guga ya tafi. Muna kai baƙi su ga rijiyar, muna ba yara labarin, amma jikokin masu labarin suna zaune a bakin kwatar da ta toshe a Mushin suna cewa ba tasu ba ce.

Shiga sha'anin gari ya haɗa da sanin abin da mutanen garin ke girmamawa, ko da kai ba ka yarda da shi ba. Ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma, lokacin shara ne, kuma shugabar matan kasuwa, Iyaloja, tana da ikon da ɗan Arewa bai saba ganin mace da shi a kasuwa ba. Wanda ya raina ta zai sha mamaki. Ranar bikin Eyo a tsibirin Legas ana cire takalmi da hula in an haɗu da dodannin bikin masu fararen kaya. Idan aka yi shelar bikin gargajiya na Oro a Ikorodu ko wani gari na Yarbawa, mata da baƙi ba sa fita. Musulmin Yarbawa da yawa ba sa son al'adar, suna ma jayayya da ita ta hanyar malamai da hukuma, amma ba yaron da ya zo jiya ne zai karya ta da ƙafarsa ba. Rikicin Shagamu na Yulin 1999 daga zargin wata Bahaushiya ta fita daren Oro ya tashi, aka kashe mutane da dama, wutar ta tsallaka har Kano. Na Mile 12 a Maris ɗin 2016 daga saɓani da ɗan acaba ya faro, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwar kwana da kwanaki, kayan gwari suka ruɓe a cikin motoci. Manomin Ɗanja da bai taɓa taka Legas ba shi ma ya ji a aljihunsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗa ba ƙarya suke yi ba. Za a ce: Malam, kana magana kamar mu ne ba mu son zaman lafiya, alhali ko ka bi doka ba a ƙyale ka. 'Yan tasha su karɓa, masu kaki su karɓa, in an yi sata a layi kai ne farkon wanda za a nuna. A Agustan 2019 an tare mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu a Legas, aka tsare su, aka bincika ba a same su da komai ba, aka sake su. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zuwa ko'ina ya zauna, amma a kan titi ba kundin ake tambaya ba. Duk gaskiya ne. Ban kuma ce biyan kuɗin gadi zai tare katafila ranar rusau ba.

Sai dai a dubi Otodo Gbame. Unguwar masunta ce a bakin ruwa wajen Lekki, yawancinsu 'yan ƙabilar Egun, mutanen gaɓar nan tun kaka da kakanni. An rushe ta a ƙarshen 2016 da farkon 2017, dubban mutane suka rasa muhalli, wasu suka kwana cikin kwale-kwale. Ashe rusau ba ya tambayar ƙabila, talaucinka da darajar filin da kake kai yake dubawa. Amma su mutanen bakin ruwan suna da ƙungiya, suna da sunayen mutanensu a rubuce, suka je kotu, a Yunin 2017 babbar kotun Legas ta ce korar mutane haka ba tare da an tanadar musu wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin bai mayar musu da gidajensu ba, amma yana nan a rubuce, ana kafa hujja da shi. Mu in an rushe mana rumfuna, kowa ya tattara buhunsa ya nemi wata gada, a yi bidiyo ana kuka a sa a Facebook, manyan Arewa su yi Allah wadai, bayan mako guda shiru. Lauya ma in ya so taimako, da wa zai fara? Ba rajista, ba rasit, ba wanda zai iya cewa mutum nawa ne a wurin.

Sarakunan Hausawa na Agege da sauran unguwanni sun yi aiki a tarihi, har yanzu su ake nema in an kama yaro ko an rasa mai karɓar gawa. Amma tsarin an gina shi ne lokacin da baƙo kan sauka a hannun fatoma, maigida ya san shi, ya san ubansa, ya tsaya masa. Yanzu tirela guda kan sauke samari hamsin da asuba a bakin titi, ba wanda ya san da zuwansu. Ga kuma yawan naɗe-naɗe, kowace kasuwa da sarkinta da wazirinta, wani wurin ma biyu suna ja-in-ja. Rawani ya yi yawa, littafin sunaye babu. Mu dubi 'yan ƙabilar Ibo da ke zaune a Katsina da Funtuwa: taron wata-wata, kuɗin ƙungiya, sunan kowa da garinsu, in ɗayansu ya shiga matsala kafin la'asar shugabanninsu sun isa ofishin 'yan sanda. Muna ganinsu kullum, ba mu ɗauka ba.

Abin da ya rage namu na gida ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kowane gari a jihar nan yana da dattawan da suka ci ƙuruciyarsu a Ikko ko Fatakwal ko Kwatano suka dawo, suna zaune a majalisa suna ba da labarin don nishaɗi. Mai unguwa zai iya tara samari bayan kaka ya sa su gaban waɗannan mutane. Liman zai iya ware huɗuba guda a kan haƙƙin maƙwabci ko da ba addininku ɗaya ba, da tsaftar wurin da ka sauka. Gidajen rediyonmu da ke cika dare da gaishe-gaishe za su iya ba da rabin awa a mako a faɗi inda aka hana acaba, da lokacin ambaliya, da lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767. Kada yaro ya hau mota sai da katin ɗan ƙasa a aljihunsa da lambar wani na gida a rubuce a takarda, don waya ita ce farkon abin da ke ɓata. In ya isa kuma ya yi rajistar mazauna jihar a hukumar LASRRA, wadda ba ta ware ɗan asali da baƙo. Da yawa suna gudunta don tsoron haraji ko kora, alhali rashinta ne ke sa a ce ba a san da su ba.

Ba kuma zan yi kamar mu nan mun iya da ruwa ba. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta ci mutum fiye da 40 cikin dare guda, kuma duk damina magudanun cikin Katsina da Daura cike suke da leda. Yaron da ya tashi yana ganin ana juye shara a kwata a ƙofar gidansu, haka zai yi a unguwar Ajah ta Legas, sai dai can sakamakon ya fi sauri, kuma akwai masu jiran su ce ga masu yi nan.

Sai katin zaɓe. Dubban mutanenmu da ke Legas rajistarsu tana ƙauye. Lokacin zaɓe ɗan siyasa ya turo mota a kwaso su, su jefa ƙuri'a, a mayar da su, ko kuma su yi zamansu ba su yi ko'ina ba. Hukumar zaɓe ta yarda mutum ya mai da rajistarsa inda yake zaune. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da shugaba da kansiloli, kuma su ne ke da ta cewa a kan rumfar kasuwa da tikitin da ake yanka maka kullum da kwatar bayan shagonka. A irin wannan zaɓe mutane kaɗan ne ke fitowa, har ƙuri'un layi biyu ko uku na iya sauya sakamakon mazaɓa. Wanda ke shekara yana wata goma sha ɗaya a Agege, wata ɗaya a Mashi, ya zauna ya yi lissafin wane kansila ne ya fi shafar abincinsa. Masu zuwa rani su koma da damina, su bar katinsu a gida, ba laifi. Amma mai mata da 'ya'ya da shago a can, in aka buɗe rajista ta gaba, ya je ya mai da katinsa mazaɓar da yake kwana.